Sulhu, Lauyan Kyauta ko Lauyan Kuɗi: Wanne Ya Dace Idan An Kama Naka a Sakkwato?

Duk gidan da 'yan sanda suka kama wa mutum, kafin a yi sallar la'asar za ka tarar an rabu kashi uku. Kawu zai ce a je a ba mai ƙara haƙuri, a sa mai unguwa da liman su shiga tsakani, magana ta mutu a zaure. Yayan wanda aka kama zai ce a ɗauko lauya ko da za a sayar da tumakin Inna. Sai wani ƙane da ya yi boko ya ce ai gwamnati na da lauyoyin da ke tsaya wa talaka ba ko sisi. Daga nan musu ya koma kan aljihu da kare sunan gida, a manta da tambayar da za ta raba gardama: wane laifi aka rubuta, kuma wace kotu ce ke da hurumin saurarensa?

Wannan tambayar tana da nauyi a Sakkwato domin dokokin laifi iri uku ne ke aiki a jihar lokaci guda. Akwai kundin laifuka na Final Kod (Penal Code), wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, jihar kuma ta sabunta nata a 2019 tare da sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka. Da shi kotunan majistare da Babbar Kotun Jiha suke hukunci. Akwai kundin laifuka na shari'ar Musulunci, wanda ya zo bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, kuma Musulmi ake yi wa shari'a da shi a kotunan shari'a. Sai dokokin tarayya, irin na miyagun ƙwayoyi da zamba ta intanet, waɗanda ake kai wa Babbar Kotun Tarayya. Wayar salula guda da ta ɓace a Tsohuwar Kasuwa tana iya zama sata, ko karɓar kayan sata, ko fashi idan mai ita ya ce an nuna masa wuƙa. Kowanne da kotunsa, da belinsa, da shekarunsa. Saboda haka aikin farko, kafin a biya kowa ko a roƙi kowa, shi ne wani mai natsuwa ya je caji ofis ya tambayi ɗan sanda mai bincike da ladabi: "Yallaɓai, mi anka rubuta mai?"

Akwai abubuwan da doka ta ba wanda aka kama ko da lauya ko babu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya ce a gaya masa dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu cikin kwana biyu, sai dai laifin da hukuncinsa kisa ne, nan tsarin ya sha bamban. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ya gudu, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Kowa ya san abin da ke faruwa a zahiri, amma mai sanin haƙƙinsa da wanda bai sani ba ba a yi musu magana iri ɗaya.

Mu fara da sulhu, tunda shi ne zuciyar Basakkwace take fara karkata gare shi, kuma a wurare da yawa shi ya fi. Yawancin ƙararrakin da ke cika kotunan majistare da ƙananan kotunan shari'a tsakanin mutanen da suka san juna ne: faɗa da ya kai ga rauni kaɗan, zagi da ɓata suna, shanu sun shiga gona, shiga fili ba izini, da uwa uba cin amana da zamba a harkar ciniki. Doka ta yarda a sasanta irin waɗannan, wasu kai tsaye, wasu da izinin alƙali. Mai ƙara kuma sau tari ba ɗaurin yake so ba, kuɗinsa yake so ko a ba shi haƙuri a gaban mutane.

Ɗauki misalin dillalin albasa da ya karɓi buhuna daga manoman Wurno ko Goronyo, ya loda zuwa Kudu, kasuwa ta faɗi, rabin kaya ya ruɓe a hanya. Manoma suka kai ƙara, aka rubuta cin amana. A haƙiƙa wannan ya fi kama da bashi, kuma ƙwararren lauya zai iya nuna wa kotu haka. To amma a lissafa: zaman kotu da ake ɗagawa wata bayan wata, kuɗin mota, kuɗin lauya a kowane zama, kakar albasa ta wuce, manoman kuma sun rantse ba za su sake ba shi kaya ba. Idan sarkin dillalai da dattawan kasuwa suka zaunar da su aka yanka biyan kuɗin kashi-kashi, kowa ya fi samun riba.

Sai dai sulhu yana da ramuka biyu da mutane ke yawan faɗawa. Na farko, sulhun baki. An biya kuɗi a zaure, an yi addu'a, an watse, ba wanda ya koma kotu. Takardar ƙarar tana nan da ranta. Ranar zama wanda ake tuhuma bai zo ba domin a ganinsa magana ta ƙare, sai alƙali ya ba da takardar kamo shi, a kuma nemi wanda ya tsaya masa. Sulhun da ya cika shi ne wanda aka rubuta, da adadin kuɗi da ranakun biya da sa hannun shaidu, mai ƙara ya tsaya gaban alƙali ya ce ya janye, aka shigar a littafin kotu. Na biyu, akwai laifukan da ba na mai ƙara ba ne balle ya yafe. Fashi da makami, garkuwa da mutane, fyaɗe, safarar ƙwaya, waɗannan tsakanin mutum ne da hukuma. Iyalin da suka je da kuɗi gidan wanda aka yi wa fyaɗe suna iya jawo wa kansu sabuwar tuhuma ta neman toshe bakin shaida, kuma mai gabatar da ƙara zai ce zuwan nasu ma alama ce ta amsa laifi.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, lokacin da aka yi sulhun shi ne komai. A haddin sata, ƙofar afuwa a buɗe take kafin magana ta isa gaban alƙali, bayan nan ceto ba ya amfani. Malamai suna kafa hujja da labarin Safwan ɗan Umayya, wanda aka sace wa mayafi, ya kai ɓarawon gaban Manzon Allah (SAW), sannan ya nemi ya yafe, aka ce masa me ya hana shi yin haka tun kafin ya kawo shi. Ƙisasi kuwa daban ne: a rauni ko kisa, wanda aka cuta ko magadansa suna da ikon yafewa ko karɓar diyya. Amma idan a Babbar Kotu ake tuhumar kisan a ƙarƙashin Final Kod, yafewar magada ita kaɗai ba ta rufe shari'a. Kwamishinan Shari'a, a matsayinsa na Antoni Janar na jiha, shi ke da ikon janye ƙarar.

Akwai wani zaɓi na huɗu da ba wanda ke ambata a zaure, alhali shi mafi yawan mutane ke ƙarewa a kai: shiga kotu ba lauya, da niyyar "in faɗi gaskiyata". Ga yadda abin ke kasancewa. An fito da mutum daga bayan motar 'yan sanda, ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Magatakarda ya kira sunansa, ya karanta rahoton farko na 'yan sanda, wanda kowa ke kira FIR, da Turanci, tafinta ya juya da sauri. Aka tambaye shi ko ya fahimta, ya ce ya fahimta. Aka ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba? Sai ya ce: "Hakanan na, ranka shi daɗe, na amshi kuɗɗin, amma..." Abin da ke bayan "amma" ɗin nan shi ne kariyarsa baki ɗaya: cewa ya amsa ne a matsayin jari, cewa ya mayar da rabi, cewa akwai shaidu. Amma an riga an ji "hakanan na". A ƙananan laifuka majistare na iya yanke hukunci nan take a kan wannan amsar. Mutum ya shigo da safe yana wanda ake zargi, kafin azahar ya zama mai laifi a rubuce, kuma wannan tabon zai biyo shi ranar da zai nemi aikin gwamnati ko takara. Doka ta ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwar yana wuyan mai gabatar da ƙara. Cewa "ban amsa ba" a kotu ma'anarsa a kawo hujja. Shi ya sa ko wanda ya yi niyyar sulhu, a ganina, ya kamata ya sami lauya ya zauna da shi ko na rabin sa'a ne kafin wannan safiyar.

Yanzu lauyan kyauta. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta a 1976, tana aiki da dokar 2011, kuma tana da ofis a kowace jiha har da Sakkwato. An yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. Tana karɓar manyan laifuka irin su kisa, fashi, fyaɗe, rauni da sata. Sakkwato ma tana cikin jihohi huɗu, tare da Kaduna, Imo da Ondo, da aka fara gwada shirin aika lauyoyi ofisoshin 'yan sanda su gana da waɗanda ke tsare, a 2005. Bayan ita akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ga abin da ya shafi mata da yara, da 'yan ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, da ke ɗaukar wasu shari'o'in sadaka, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam idan maganar duka ce ko tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. A laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, kotu ba ta sauraren mutum ba lauya. Dole ta nema masa, kuma ko ya ce ya amsa laifi, "bai amsa ba" za a rubuta, a buƙaci hujja.

Mutane suna raina lauyan kyauta, suna cewa abin banza ba ya da kyau. Ban yarda da wannan ba. Lauyan da kullum aikinsa shari'ar laifi ne, ya san kowane magatakarda da kowane mai gabatar da ƙara, yakan fi wani mai tsadar da ya saba da rigimar filaye da kwangila. Matsalarsa ba ilimi ba ce, yawan fayil ne da ƙarancin ƙafa. Lauyoyi kaɗan ne ga jiha mai ƙananan hukumomi 23, daga Isa da Sabon Birni har Kebbe. Ba zai iya kwana yana bin takarda daga tebur zuwa tebur ba. Don haka wannan hanyar ta dace da gidan da ba su da kuɗi amma suna da mutum: ɗan'uwa mai haƙuri da zai riƙe lambar ƙara da ranakun zama, ya kawo shaidu a kan lokaci, ya nemo masu tsayawa, ya riƙa leƙa ofis yana tuni ba tare da rashin kunya ba. Gidan da suka miƙa suna suka koma suka naɗe hannu, su ne ke cewa daga baya lauyan gwamnati bai yi komai ba.

Inda ƙafar ta fi amfani shi ne abin da ake kira jiran shari'a. Idan tuhumar babba ce, 'yan sanda sukan kai mutum gaban majistare duk da cewa ba shi da hurumin yin shari'ar. Shi kuma sai ya tura shi gidan gyaran hali, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a domin daraktan gabatar da ƙararraki ya ba da shawara ko akwai hujjar gurfanarwa a Babbar Kotu. A nan mutane ke ɓacewa. Fayil bai bar hannun 'yan sanda ba, ko an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, ko shawarar ta fito ba wanda ya ɗauko ta. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Sabbin dokokin sun sa wa irin wannan tsarewa wa'adi, amma wa'adin ba ya aiki da kansa, sai an sami mai tashi a kotu ya tuna da shi.

Wannan ne babban abin da ake saya idan an ɗauki lauyan kuɗi: lokacinsa da saurinsa. Zai zo caji ofis a ranar, ya zauna lokacin da ake rubuta bayanin wanda aka kama. Wannan zaman ya fi duk wata doguwar muhawara da za a yi daga baya, domin shari'o'i da yawa takarda guda ce ke ɗaure mutum, wadda ya dangwala wa yatsa bai san abin da ke ciki ba. Gaskiya ne Dokar Shaida ta 2011 ta ce a yi watsi da iƙirarin da aka samo da tilas, dokar 2017 kuma ta mai da azabtarwa laifi. Amma tabbatar da cewa an doke ka watanni takwas da suka wuce, bayan tabo ya warke, aiki ne ja. Lauyan kuɗi zai kuma shigar da takardar beli a Babbar Kotu idan majistare ba shi da iko, ya nemi a sassauta sharuɗɗa idan an ce sai ma'aikaci mai babban mataki ko mai takardar fili a cikin gari, ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi idan an tsare mutum ba a kai shi kotu ba.

To amma a nan ma ana cutuwa. Bakin kowace kotu akwai masu rataye da jaka da ke cewa sun san alƙali. Lauya na gaskiya yana da ofis, yana da hatimin NBA da yake liƙawa a takardunsa, kuma ba ya yi maka alkawarin sakamako. Wanda ya ce "kawo kaza in kai wa mai shari'a", ka riƙe kuɗinka. A yi ciniki a fili tun farko, a rubuta: kuɗin nan na beli ne kawai ko har ƙarshen shari'a? Kowane zama akwai kuɗin mota? Idan shari'ar a Gwadabawa ko Tambuwal take, wa zai biya tafiya? Shi da kansa zai zo ko yaron ofis zai turo? Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba duk abin da aka tara a kan beli, mutum ya fito a yi murna, ranar da za a fara kiran shaidu kuma babu ko kwabo, lauya ya daina zuwa.

Idan a kotun shari'ar Musulunci ake, tambayar da za a yi wa lauya ta canja. Ba a hana lauyoyi tsayawa a can ba, amma ana son wanda ya san fiƙihun Malikiyya, ba wanda zai zo yana jero hukunce-hukuncen Ingila ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana yaye masu haɗa karatun biyu, don haka ba su da wuyar samu a garin. Irin wannan shi zai tambaya ko abin da aka sace ya kai nisabi, ko daga ma'ajiyarsa aka ɗauke shi, ko shaidun adilai ne, ko an yi wa wanda ake tuhuma i'izari kafin hukunci, wato an tambaye shi ko yana da sauran hujja. Shi ya san cewa janye iƙirari yana kawar da haddi. Jihar nan ta ga misali da idonta. A Oktoban 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa. Da lauyoyi suka ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta a Maris 2002, kuma cikin dalilan har da cewa abin da ake zargi ya faru ne kafin dokar ta fara aiki. Hujja ce da take nan tun ranar farko, mai ɗaga ta ne babu.

Idan aka ce in yanke, ga yadda nake gani. Rikicin maƙwabta, na kasuwa da na gona: a yi sulhu da wuri, a biya lauya ɗan abin da zai rubuta yarjejeniya ya raka ku a rufe fayil. Sata, karɓar kayan sata, rauni mai tsanani, inda ɗauri ke iya biyowa amma akwai beli: lauyan kyauta ya isa idan akwai mai bibiya a gida, idan babu a daure a ɗauki na kuɗi. Kisa, fashi, garkuwa da mutane ko zargin kai wa 'yan bindiga bayanai ko kaya, wanda ya yawaita a gabashin jihar: a nan ba a jira. Fashi ko ba makami hukuncinsa a dokar tarayya bai gaza shekara 21 ba, da makami kuwa kisa ne. Duk lauyan da zai iya isa wurin a yau, shi ne ya dace, daga baya a sake shawara.

Ƙwaya da zamba suna da nasu hali. Wanda NDLEA ta kama da tiramadol ko wiwi a hanyar Illela, ko wanda EFCC ta gayyata ofishinta na Sakkwato, ba mai unguwar da zai kashe masa wutar. Masu gabatar da ƙarar lauyoyi ne ƙwararru, kuma dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da yaudara. Abin da ya yi kama da sulhu a nan shi ne yarjejeniyar amsa laifi, wadda dokar tarayya ta 2015 ta tanada: mutum ya amsa ƙaramar tuhuma, ya mayar da dukiya, a sassauta masa. Tana iya zama mafita ga wanda hujja ta kama dumu-dumu, amma hukunci ne cikakke, sunansa zai shiga cikin masu laifi. Direban da aka ba kwali a tasha bai san abin da ke ciki ba, kada ya sa hannu a irin wannan don kawai ya gaji da zaman tsare, sai lauyansa ya karanta duk hujjojin da aka tara a kansa.

Idan kuma hukunci ya riga ya faɗo ba yadda ake so ba, zaɓin bai ƙare ba, amma agogo ya fara tafiya. Daga kotun majistare zuwa Babbar Kotu kwana 30 ne, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, kwana 90. Ana iya canja lauya a wannan matakin, daga na kuɗi zuwa na kyauta ko akasin haka. Abin da sabon zai fara nema shi ne kwafin hukunci da na zaman kotu, don haka a rubuta wa magatakarda takardar neman su tun a makon da aka yanke.